Amarya a Akurki

Duk wanda ya taɓa sayo 'yan sagaru a kasuwar ƙauye, ya kwance musu ƙafa ya sake su cikin tsofaffin kajinsa, ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya ɗebo tsaba, wata tsohuwar kaza ta riga ta kai wa ɗaya sara a ƙeya, gashi yana tashi, baƙin sun ruga sun cusa kai a bayan randa. Sai mai kaji ya riƙe baki yana cewa kajinsa mugaye ne. Ba mugunta ba ce, malam. Amarya ka kawo gidan kishiyoyi da rana tsaka, ba sallama, ba kayan faɗan kishiya.

Akurki gidan mata ne, kuma kowace ta san matsayinta. Uwargida ita ke fara sa baki a tsaba, ita ke zaɓar wurin kwana mafi tsayi. Ta biyu tana kauce wa uwargida, amma tana huce haushinta a kan ta uku, haka abin yake gangarowa har ya iso ga wadda ba ta da abin sara sai ƙasa. Wani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, tun yana yaro yake zaman kallon kajin gidansu, kuma a farkon shekarun 1920 ya rubuta wannan tsari har ya zama abin karantarwa a jami'a. Kakanninmu masu watsa tsaba kowace safiya sun riga shi sani, ba su dai rubuta ba. Kaza tana gane fuskar abokiyar zamanta sarai, saboda haka da baƙuwar fuska ta shigo sai lissafin gida ya rikice. Ku lura da kyau: sau da yawa ba uwargida ce ta fi zafin kishi ba, ita kujerarta ba ta rawa. Ta ƙarshen nan, wadda jiya ita ce amarya, ita ke tsoron a ƙara tura ta ƙasa, ita ce kuma za ta bi baƙuwa har bakin zaure.

Amarya ba ta tarewa sai ta yi zaman lalle, to kaza ma haka. A keɓe baƙin nesa da na gida, mako biyu zuwa wata guda, da kaskon ruwansu daban. A kasuwa kajin ƙauye goma ake cusawa keji ɗaya, ba ka san wadda ta shaƙi numfashin wa ba. A kwanakin nan ne za ka ga mai gyangyaɗi, mai majina, mai koren zawo. Ka ɗaga fiffike ka duba ƙwarƙwata. Cutar Newcastle, wadda ke murɗe wa kaza wuya, ta fi ɓarna da hunturu, kuma baƙuwa ɗaya ta isa ta share akurki kaf. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, har da irin wanda ake ɗigawa a ido, malamin dabbobi zai nuna maka yadda ake yi. Ka riƙa fara ciyar da na gida kafin ka je wurin baƙi, kada ka kwaso musu tsaraba a tafin hannu.

Bayan lalle sai gaisuwa ta bayan labule. Ka kife baƙin da babban kwando mai manyan idanu, ko ka kewaye su da raga a tsakar gida, inda za a ga juna amma baki ba zai kai ba. Ranar farko tsofaffin za su yi ta zagaye suna harara, wuya a miƙe, kamar matan da suka zo ganin jere suna ƙirga kwanuka. Ka watsa tsaba ciki da waje, su ci kusa da juna. Bayan mako ɗaya ko biyu za ka ga uwargida ta wuce ta gaban kwandon ko kallo bai ishe ta ba. Lokaci ya yi ke nan.

Amma fa ɗan tsakon da bai daina tsiyau-tsiyau ba bai isa zaman kishi ba. A bari gashinsa ya cika, jikinsa ya kusa na manyan, wajen wata uku zuwa huɗu. Tsakin da kazar gida ta kwanta wa kwana 21 ta ƙyanƙyashe su ba su cikin wannan magana, su 'ya'yan gida ne, uwarsu za ta buɗe fiffike ta tare musu faɗa ko da shirwa ce. Marayun da aka raina a kwali da fitila su ne abin ji. Ga kuma maganar tukunya: abincin kanti na masu ƙwai an cika shi da sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, wanda ke wahalar da ƙodar ƙaramar kaza. Gara kowa ya ci na masu tasowa, a daka ɓawon ƙwai a ajiye a gefe, mai bukata za ta nema da kanta.

Da dare ake kai amarya, kuma a nan kaza ta sauƙaƙa mana, don dundumi gare ta. Bayan isha'i ka ɗauki baƙin a hankali ka jera su a wurin kwana, babu mai ganin wata balle faɗa. Kada ka kai ɗaya tilo. Amarya ma da 'yar zaman ɗaki ake haɗa ta. In su uku ne ko huɗu, saran zai rabu, kowace ta sami rabonta kaɗan. Sai dai ka riga su tashi, domin mummunan faɗa da asuba ake yinsa, haske ya shigo ƙofa tana rufe.

Mata biyu a murhu ɗaya kowa ya san ƙarshen zancen. Ka ajiye abinci da ruwa wuri biyu ko uku, ɗaya a bayan turmi inda mai tsaron na farko ba za ta hango ba, domin baƙuwa takan rame da yunwa tsaba na zube a gabanta. Ka jingina tsohuwar tabarma ko itace a bango, mafakar da ke da ƙofar shiga da ta fita, kada ta zama tarko.

Zakara, in na kirki ne, yakan yi aikin maigida, ya ratsa tsakanin masu faɗa yana 'yan ƙananan maganganu. Kai kuma kada ka cika shiga. Sara ɗaya biyu, a kori wata daga kasko, duk gyaran zama ne, cikin mako biyu yakan lafa. Jini ne ba a wasa da shi: kaza in ta ga ja sai ta sara, sauran ma su taru, saboda haka mai rauni a ɗauke ta nan take har ta warke. In kuwa ka gane mafaɗaciya ɗaya ce ke hana gida sakat, ita za ka kama, ba amarya ba. Ka tura ta yajin dole, kwana uku ko huɗu a kwando inda ba a ganinta. Ranar da ka yi bikonta za ta tarar an raba kujeru ba da ita ba, sai neman wurin zama ya ɗauke mata hankali daga ƙeyar amarya.