Oleksandr Tkachenko: Daga Gaban Kyamara Zuwa Kujerar Minista

Ranar 27 ga Yulin 2023, majalisar dokokin Yukiren ta sauke ministan al'adu da yaɗa labarai, Oleksandr Tkachenko. Tambaya ɗaya ce ta ci kujerarsa: shin ya dace ƙasar da ake yi wa ruwan bama-bamai ta kashe kuɗi kan fina-finai da gidajen tarihi?

An haifi Tkachenko a birnin Kiyev a 1966, ya karanci aikin jarida a Jami'ar Taras Shevchenko. Ya yi suna a shekarun 1990 da shirinsa na sharhi a talabijin, Pislyamova, ya shugabanci tashar Novyi Kanal, sannan a 2008 ya karɓi ragamar kamfanin 1+1, wanda daga baya ya zama mallakin attajiri Ihor Kolomoisky. Tashar 1+1 ce ta nuna wasan “Bawan Jama'a”, inda Volodymyr Zelensky ya fito a malamin tarihi da ya wayi gari shugaban ƙasa. A 2019 wasa ya zama gaske: Zelensky ya ci zaɓe, Tkachenko ya shiga majalisa a jam'iyyar da ta ɗauki sunan wasan, ya zama minista a Yunin 2020.

Bayan mamayar Rasha a Fabrairun 2022, ya tsaya kai da fata kan kare gadon ƙasarsa. A zamaninsa UNESCO ta sanya al'adar dafa borsh, jar miyar nan ta Yukiren, cikin abubuwan da ke buƙatar kariyar gaggawa, ta kuma sanya tsohon garin Odesa cikin wuraren tarihi na duniya a Janairun 2023.

Sai dai lokacin da aka ware sama da hiribniya (kuɗin Yukiren) miliyan 500 don kammala gidan tarihin Holodomor, yunwar 1932 zuwa 1933 da ta hallaka miliyoyi, talakawa na ta karo-karo don sayo wa sojoji jirage marasa matuƙa. Rai ya ɓaci, Zelensky ya ce tsaro ne kan gaba, Tkachenko ya miƙa takardar murabus.

Hujjar Tkachenko ta kashe kuɗi kan al'adu a lokacin yaƙi tana da ƙarfi, domin al'ummar da ta rasa harshenta da tarihinta ta faɗi ko da iyakokinta na nan. Kuskurensa shi ne, bayan shekaru talatin yana nazarin abin da masu kallo ke so, ya kasa jin bugun zuciyar uwar da ɗanta ke bakin daga. Gaskiyar da aka faɗa ba a lokacinta ba, wuya take sha kafin a karɓe ta.