Na'urar suya da iska

Na'urar suya da iska ƙaramin tanderu ne mai aiki da lantarki, wanda ake ɗorawa a kan teburin kicin. A cikinta akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi, da fanka mai hura iskar da zafinta ke kai digiri 200 a kan abincin da ke cikin kwando. Kamfanin Philips ya fito da samfurinsa, Airfryer, a Jamus a shekarar 2010.

Duk da sunanta, gashi take yi, ba suya ba. Kaza da dankali kan gasu sosai da cokali ɗaya na mai, amma ƙullu mai ruwa, irin na ƙosai, tsiyayewa yake ta hudojin kwandon. In aka cika kwandon maƙil, iska ba ta ratsawa, sai wani gefen ya ƙi gasuwa.