Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Hau Kwalta, Mu Kuma Mun Yi Shiru

Wata masifa tana shigo mana gari, mun zuba mata ido.

Babur mai ƙafa huɗu nake nufi, da 'yar'uwarsa ƙaramar motar daji, mai ƙarafa a sama maimakon rufi, wadda ba ta da gilashi kuma ba ta da ƙofar kirki. Domin gona da jeji da rairayin hamada aka ƙera su. Yau ga su a kan kwalta. Ga su a unguwannin masu hali a Abuja da Kano da Kaduna. Ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure sai ka ji ƙara ta cika layi, ka waiga ka ga yaron da ko gashin baki bai fara ba, ya goyo ƙannensa biyu. Ba hular kwano. Ba lamba. Ba lasisi.

Mutane na kallo. Wasu na ɗaukar bidiyo. Wasu har tafi suke yi.

Ya zama wajibi a faɗi gaskiya tun kafin a fara zaman makoki. Wannan inji ba na titi ba ne. Duk wanda ya hau kwalta da shi ya ɗauko ajali, nasa ko na wani.

Yaudarar tana cikin ƙafafun nan huɗu. Uba zai duba ya ce ai wannan ba ya faɗuwa, ya fi babur aminci, bari a saya wa yaro. Kuskure ne babba. Babur mai ƙafa biyu idan ya zo kwana kwanciya yake yi ya bi ta. Mai ƙafa huɗu ba ya kwanciya. Yana da tsayi, ba shi da faɗi, nauyinsa a sama yake. Tayoyinsa masu manyan haƙora ne, iskar cikinsu ba ta kai rubu'in ta tayar mota ba. An yi su ne su nutse a yashi da taɓo, su ɗan zame idan an sha kwana. A kwalta ba sa zamewa. Cafkewa suke yi.

Akwai abin da ya fi wannan. Mota tana da na'urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki saurin juyawa a kan kwana. Da yawa daga cikin baburan nan ba su da ita. Sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗe tayoyin baya, tare suke juyawa. Saboda haka idan aka murɗa kansa da gudu a kan kwalta, ɗayan biyu ne. Ko ya ƙi kwanar ya miƙe cikin jama'a, ko ya ɗaga tayoyin ciki ya kife.

Idan ya kife, a kan mahayinsa yake sauka. Babba daga cikinsu yakan kai kilo 300, wani ya haura. Yaro ɗan shekara 12 fa? Ba sai ƙashi ya karye ba. Ƙarfen ya danne ƙirji, numfashi ya tsaya, kafin a taru a ɗaga an gama.

Ƙaramar motar kuma nata salon daban. Idan ta tashi kifewa, mutum ba ya sanin lokacin da zai miƙa hannu ko ƙafa waje don ya tare ƙasa. Ƙarfen da aka sa domin ya kare kansa shi ne zai sauka a kan hannun ya murƙushe shi. Wanda bai ɗaura bel ba kuwa, waje za ta jefa shi, ta biyo shi.

Masu ƙera su ba su ɓoye ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ka matsa kusa da ɗaya ka duba jikin murfin taya. Akwai takardar gargaɗi a manne, da hotuna, domin ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Ta hana hawa titin jama'a. Ta hana hawa kwalta. Ta hana goyo a kan wanda aka yi don mutum ɗaya. Ta hana wanda bai kai shekara 16 ba hawa babba. Ta ce a sa hular kwano. Kamfanin da ke neman kuɗinka ne ya rubuta haka da hannunsa. Mu kuma mun karya su duka a fita ɗaya.

Ba mu ne farkon gani ba. Amurka ta riga mu, kuma da gawarwakin 'ya'yanta ta biya kuɗin karatun.

A 1970 kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku. Aka ɗauke shi abin wasan iyali. Cikin shekarun 1980 mace-mace suka yi yawa, yara na cikin waɗanda abin ya fi ci, har a 1988 gwamnati ta sa kamfanoni suka sa hannu a kan daina sayar da shi. Mai ƙafa huɗu, wanda Suzuki ya fara fitarwa a 1982, ya gaje kasuwar. Aka ce an huta. Ba a huta ba. Har yau hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar, CPSC, tana ƙirga ɗaruruwan mamata duk shekara, da kusan mutum 100,000 da ake kaiwa sashen gaggawa na asibiti.

Ina suke mutuwa? A nan ne ya kamata kunnenmu ya tashi. Fiye da rabinsu a kan hanya suke mutuwa, ba a jeji ba. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta ƙirga mahaya 1,701 da suka mutu a titunan jama'a daga 2007 zuwa 2011. Galibinsu ba su yi karo da wata mota ba. Injin ne da titin kawai. Mafi yawansu babu hular kwano a kansu.

Ƙaramar motar ma ta yi nata. A 2009, bayan gomman mutane sun mutu a cikin samfurin Rhino na Yamaha, sai da aka tsayar da sayar da ita, aka ƙara wa tayoyin baya faɗi, aka tabbatar an sa mata ƙofofi. Wasu sun kife ne a fili shimfiɗaɗɗe, ba da wani gudun kirki ba.

Duk da haka wasu jihohi da ƙananan hukumomin Amurka sun sassauta, sun buɗe musu wasu hanyoyi, alhali ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera baburan da kanta tana adawa da hawa titi da su. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta daɗe tana cewa kada wanda bai kai 16 ba ya tuƙa. A manyan birane abin ya zama annoba, ayari guda a kan titi ana tsallake danja. A 2022 magajin garin Niyok, Eric Adams, ya tsaya a gaban 'yan jarida katafila ta bi ta kan kusan guda ɗari na baburan daji da aka ƙwace, masu ƙafa biyu da masu huɗu. Ba a kai ga katafila sai lallashi ya ƙare.

A Birtaniya ba ka hawa titi da mai ƙafa huɗu sai samfurin da aka amince da shi, da rajista, da lamba, da inshora, da lasisi. A Ostareliya, inda ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma, tun daga 2021 doka ta tilasta a sa wa sababbin na aiki ƙarfen da zai hana su danne mutum. Honda da Yamaha suka gwammace janye irin waɗannan daga kasuwar ƙasar.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su da ke da motar asibiti a kowace kusurwa abin ya gagare su. Mu fa?

Titunanmu sun riga sun ƙoshi da jini. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, suna nuna fiye da mutum 5,000 na mutuwa a hanyoyin Najeriya duk shekara, kuma waɗanda aka rubuta ke nan. Asibitin ƙashi na Dala bai rasa majinyata ba, balle mu ƙaro masa.

Ka tsaya a kwanar layinku bayan La'asar ka duba da kyau. Mai ƙosai ta ɗora kasko a bakin kwata, mai na tafasa. Yaran Islamiyya sun taso, hijabi na jan ƙasa, babba na riƙe da hannun ƙarami. Dattijo na dogara sanda zai tsallaka masallaci. Mai kurar ruwa ya turo jarkoki. Babu gefen masu tafiya a ƙasa, kowa a kan kwaltar yake. Nan ne yaron zai sha kwana. Nan ne tayoyin za su cafke. Ba ɗan mai babur kaɗai ke cikin haɗari ba. 'Yar mai ƙosai ma tana ciki, kuma ba wanda ya shawarce ta.

Kada wani ya ce babu doka. Akwai. Dokar FRSC ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun wajabta rajista da lamba da lasisi ga abin hawa mai inji a titin jama'a. Ba a ba da lasisi sai an kai shekara 18. Inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni dole ce. Tun 2009 aka fara tilasta hular kwano ga masu babur. Dokar ba ta ware unguwa ba. Ba ta ware gida ba.

Mu ne muka ware.

Mai Adaidaita Sahu ana tare shi safe da yamma a kan takardu. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa, dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a, kuma dokar ta zauna. Gwamnatin da ta iya wannan ba za ta ce yaro ɗaya a kan babur mai ƙafa huɗu ya gagare ta ba. Abin da ke faruwa kowa ya san shi. Jami'i ya ɗaga hannu, yaro ya ciro waya. "Yallaɓai, ga Baba zai yi magana da kai." Jami'in ya sassauta murya. "To, ranka ya daɗe. Ba komai, ranka ya daɗe." Yaro ya tada inji ya wuce, ya koyi cewa doka ta talaka ce.

Wannan zalunci ne, kuma kowa da ya gani ya kau da kai yana da kaso a ciki.

Abin kuma gaba yake yi. Wanda ya je Dubai ya hau a rairayi ya dawo yana son nasa. Bidiyo ɗaya a TikTok, yara ɗari sun ƙwallafa rai. Na hannu suna shigowa, ƙananan masu arha suna shigowa. Abin da ke hannun 'yan gidaje ƙalilan yau, gobe haya za a riƙa bayarwa a bakin titi ranar Sallah, zagaye ɗaya kaza. Ranar da ya zama sana'a, hana shi sai an yi faɗa da masu cin abinci a ciki.

Ya zama wajibi majalisun jihohi su fito da doka ƙarara da ta ambaci waɗannan injuna da sunansu, ta haramta musu titin jama'a, ta ɗora laifin a kan mai abin da wanda ya ba yaro makulli.

Ya zama wajibi FRSC da 'yan sanda da hukumar KAROTA ta Kano da takwarorinta su ƙwace duk wanda suka gani a kan kwalta, ko ɗan waye. Ya zama wajibi shugabanninsu su tsaya wa ƙaramin jami'in da ya ƙi karɓar waya. Idan ya san sauyin wurin aiki ne sakamakonsa, ba zai sake ɗaga hannu ba.

Ya zama wajibi dillalai su daina ɓanɓare takardar gargaɗi, su daina gaya wa mai saye cewa na yara ne. Wanda ya sayar a kan ƙarya, hannunsa na cikin abin da ya biyo baya.

Ban ce a hana manomi ko mai kiwo amfani da shi a gonarsa ba. Can ne muhallinsa. A ɗora shi a bayan a-kori-kura a kai shi, babba ya hau, da hular kwano, shi kaɗai.

Ya zama wajibi malamai su hau mumbari da maganar. Rai amana ne. Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffara, azumin wata biyu a jere. Wanda aka gargaɗa ya ƙi ji kuma, ya tambayi malaminsa ko har yanzu sunan abin kuskure.

Alhaji, da kai nake. Hajiya, har da ke. So ne ya sa kuka saya, ba mai musu. Amma yaro bai san nauyin kilo 300 ba, ku kun sani. Bai san kwalta na cafke taya ba, yanzu kun ji. Ranar da aka kira ku a waya daga asibiti, ba za a tambayi yaron dalili ba. Ku za a tambaya. Ya zama wajibi ku karɓe makullin nan yau, ko zai yi kuka, ko zai yi fushi.

Sauran mu maƙwabta, ya zama wajibi mu daina tafi, mu daina yaɗa bidiyon. Dattawan layi su tashi mutum uku su sami maigidan, su gaya masa cikin mutunci. In ya ƙi, a kai gaban mai unguwa. In ta fi ƙarfin mai unguwa, a rubuta takarda, magidantan layin su sa hannu, a kai wa dagaci da baturen 'yan sanda na yankin, a riƙe kwafi mai kwanan wata.