Mahaɗin Haske da Amanar da Ke Wuyansa

Duk wanda ya buɗe inbata ko caja mai inganci, idan ya duba daidai inda allon ya rabu gida biyu, sau da yawa zai tarar da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, an rubuta PC817 a bayansa. Shi ne mahaɗin haske, kuma aikinsa shi ne ya isar da saƙo tsakanin ɓangaren wuta mai bolt 230, wadda ke iya halaka mutum nan take, da ɓangaren ƙaramar wuta da hannu ke taɓawa, ba tare da waya ko guda ta haɗa su ba.

A cikinsa akwai 'yar fitila mai fitar da hasken da ido ba ya gani, da kuma transista mai jin haske, tsakaninsu an sanya hijabi wanda haske ke ratsawa amma lantarki ba ya ƙetarewa, har kamfanin Sharp mai ƙera shi ya ƙayyade cewa yana jure bolt 5,000. Idan fitilar ta kama, sai transistan ya buɗe hanya. Idan ta mutu, sai ya rufe.

Amma hikimar ta fi bayyana inda ake bukatar sanin ko wuta ta kai wani haddi, kamar yadda na'urar masana'anta take bukatar ta tabbatar an kawo wuta cikakkiya kafin ta tayar da inji. Saboda wannan maslaha ce kamfanin Hewlett-Packard ya ƙera wani mahaɗin haske mai suna HCPL-3700, wanda ba ya amsawa sai abin da ke bi ta cikinsa ya kai kimanin miliampiya 2.5, alhali kuwa idan ya amsa ba ya saki sai ya sauka zuwa wajen 1.3. Wannan tazara da gangan aka bar ta, domin da mizanin hawa da na sauka sun zama ɗaya, da duk lokacin da wuta ta yi rawa a bakin haddin sai injin ya riƙa kamawa yana saki har ya lalace. Injiniya kuwa, ta hanyar zaɓen rezistan da zai ɗaura a mashiga, shi ke yanke adadin bolt da za a ɗauka haddi.

Sai dai fitilar tana dushewa da tsufa da zafi, don haka wajibi ne mai ƙira ya bar rara a lissafinsa. Ku kuma masu gyara, idan mahaɗin ya ƙone, ku sauya shi da irinsa, kada ku kuskura ku haɗe ɓangarorin biyu da waya ko dalma don sauri, gama ran mai kayan amana ne a hannunku.