Gadarif: Haihuwar Damina, Kuɗi Sai Kaka

A ƙauyukan Hausawa na jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, dab da iyakar Habasha, lissafin watannin ciki tare yake tafiya da lissafin damina. Jama'ar nan jikokin maniyyata ne da masu hijira, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma ba su yar da al'adun gida ba.

Ruwa kan sauka daga Yuni zuwa Oktoba. Ƙasar wurin baƙar laka ce, da zarar ta jiƙe sai hanyoyin ƙauye su yanke. Kuɗi kuwa ba ya shigowa hannun manomi sai an yanke riɗi a Oktoba, dawa ta biyo baya. Ke nan mai haihuwar Agusta tana tsakanin taɓo da aljihu wayam.

Shi ya sa tun da rani maigida ke tara itacen wankan jego, ya sayi kanwar kunu da gidan sauro, ya ɓoye kuɗin taraktar da za ta kai ta asibiti in naƙuda ta yi gardama. Uwargida kuma ta shuka kuɓewa, yakuwa da lalo a bayan gida, ta shanya na miyar jego.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya koro dubban jama'a zuwa Gadarif, asibitoci suka cika. Don haka muke kira ga 'yan kasuwarmu, daga Gadarif har Gallabat: in mai irin wannan lalura ya nemi bashi zuwa kaka, mu duba shi da idon rahama.