Masu Auna Lafiyar Ƙasa Kafin a Haƙa Harsashi

A Najeriya, duk wanda zai gina madatsar ruwa ko babbar masana'anta, ko ya shimfiɗa layin dogo, doka ba ta yarda ya kafa diga ba sai ya kawo rahoton abin da aikin zai jawo wa ruwa da iska da gonaki da mutanen wurin. Wannan rahoto shi ake kira EIA, kuma akwai mutanen da haɗa shi ne hanyar cin abincinsu. Su ne masu ba da shawara kan muhalli. Ba su da layi a kasuwa kamar maƙera ko dukawa, shi ya sa da yawa ba su san sana'a ce mai zaman kanta ba.

Masifa ce ta haifi sana'ar. A shekarar 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka ɗauko daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, sannan a 1992 ta fitar da doka mai lamba 86 wadda ta wajabta binciken kafin fara manyan ayyuka. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta biyo baya a 1999, hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idoji kuma a 2007. Kowace doka ta buɗe wa masana ƙofar aiki, domin kamfani ba ya bincikar kansa. Sai ya ɗauko wanda ma'aikatar ta yi wa rajista.

Rabin aikin a daji ake yin sa. Mai wannan sana'a yakan fita da kwalabe da akwatin ƙanƙara da na'urar GPS, ya ɗebi ruwan rijiya da na rafi, ya huda ƙasa ya ɗebi samfur, ya auna ƙura da ƙarar injina. Babban aiki kan buƙaci fita sau biyu, da damina da rani, saboda rafin da ke cike a watan Agusta yashi ne zalla a watan Maris, kuma dattin da ruwan sama ya tsarma yakan taru idan ruwa ya janye. Daga nan sai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake neman dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa.

Ɗaya rabin kuwa a zaure ake yin sa. Hoton tauraron ɗan Adam zai nuna fili fetal, amma dagaci ne ya san akwai tsohuwar maƙabarta a wurin, Arɗo ne ya san ta inda burtali ya bi, matan gari kuma su suka san rijiyar da ba ta ƙafewa. Wanda bai iya gaisuwa ba, bai iya zama a kan tabarma ya saurara ba, rahotonsa zai fito da giɓi ko da na'urorinsa sun fi na kowa tsada. Idan an kammala, ana baje rahoton ga jama'a na kwanakin aiki 21 don mai ƙorafi ya yi, kafin kwamitin masana ya zauna a kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rahoto guda yana buƙatar masanin ƙasa, da masanin ruwa, da mai nazarin tsirrai da dabbobi, da masanin zamantakewa, da mai zana taswira a kwamfuta, yanzu har da mai sarrafa jirgi marar matuƙi. Ƙaramin kamfani ba zai iya biyan dukansu albashi ba, don haka kowane aiki sai an haɗa ayari. Wannan ne ya sa sanin mutane ya zama jari. Ƙungiyar masana muhalli ta ƙasa, NES, wadda aka kafa a 1985, tana haɗa 'yan sana'ar a tarukanta da rassanta na jihohi. Malaman jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello sukan shiga ayari da ɗalibansu, kuma ta nan matasa da yawa ke fara koyo: yau riƙe kwalba, gobe cike takardar tambayoyi, wata rana rubuta babi guda.

Aiki kuma yana nan a Arewa. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya kai kilomita 614. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ta cikin gonaki da garuruwa. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bankin ba ya sakin kuɗi sai da tsarin kare muhalli da na biyan diyya. Ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da ke Kano, waɗanda ruwan dattinsu ke gangarawa rafukan da masu lambu ke ban ruwa da su. Kowannensu na buƙatar wanda zai riƙa aunawa yana ba da shawara.

Babbar jarrabawar sana'ar ita ce amana. Wanda ake bincika shi ne ke biyan kuɗin binciken, kuma gaggawa yake yi. Sai ka ga wani ya ɗauko tsohon rahoto ya canja sunan gari, bai taka wurin ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna abin da rashin awo ke jawowa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane sun riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidajensu ba su san yana ɗauke da dalma ba, har yara fiye da 400 suka rasu. Sai da masana suka zo suka auna ƙasar gida gida, aka kankare wadda ta gurɓace aka zuba sabuwa, sannan maganin likitoci ya yi amfani.

Matashin da ya karanta kimiyyar sinadarai ko labarin ƙasa yana zaune yana jiran aikin gwamnati, ya kamata ya duba wannan hanya. Ya nemi kamfani mai rajista ya bi shi daji ko da kuɗin mota kawai za a ba shi, ya ƙware a fanni guda har a san shi da shi, ya shiga ƙungiya, ya riƙa halartar zaman sauraron jama'a. Harshen mutanen wurin da sanin al'adarsu sun ba shi fifikon da baƙo ba zai saya da kuɗi ba. In kuma ya kai matsayin sa hannu a rahoto, ya rubuta abin da awo ya nuna, domin mutanen da za su sha ruwan ba su da wani wakili a ɗakin gwaji sai shi.