Kejin Ɗaga Nauyi: Yadda Ake Haɗa Shi A Wajen Mai Walda

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san cewa samari da yawa sun rungumi ɗaga ƙarfe domin gina jiki. A Tsohuwar GRA da Sabuwar GRA, inda gidaje ke da wadatar fili da gareji da ɗakunan baya, ba wuya ka tarar da benci da sandar ƙarfe da wasu dunƙulen siminti a jingine a gindin bishiya. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne abin da zai tare nauyin idan ya fi ƙarfin mai ɗagawa. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu wannan abu, da amfaninsa, da yadda ake haɗa shi da ƙarfen da ake samu a kasuwanninmu. Bayanin ya fito ne daga wanda ni da abokaina muka sa aka haɗa mana a bayan gidan kawuna a GRA, da kuma abin da na koya daga bakin masu walda.

Ma'anar Kejin Ɗaga Nauyi

A wuraren motsa jiki da sunan Ingilishi ake kiran sa. Ni kuwa na zaɓi in kira shi kejin ɗaga nauyi saboda siffarsa. Ginshiƙai huɗu ne na ƙarfe a tsaye, an haɗe su sama da ƙasa, mutum ya shiga tsakiya ya yi aikinsa. A jikin ginshiƙan akwai huji a jere. A cikin hujin ake maƙala ƙugiya biyu da sandar ɗagawa ke hutawa a kansu, sannan a zura wasu sanduna biyu daga gaba zuwa baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Waɗannan su na kira sandunan tsaro, kuma dominsu aka yi kejin gaba ɗaya.

A Amurka kejin ya fara yaɗuwa, a farkon shekarun 1960, lokacin da kamfanin York Barbell na Bob Hoffman ya riƙa ƙera shi yana tallata shi. Daga can ya bazu cikin duniya.

Me Ya Sa Ake Bukatarsa?

Motsa jiki iri biyu ne suka fi haɗari ga mai ɗaga ƙarfe. Na farko shi ne tsugunno da nauyi a kafaɗa. Na biyu shi ne kwanciya a kan benci a tura nauyi daga ƙirji zuwa sama. A duka biyun mutum yana ƙarƙashin ƙarfen ne. Idan hannu ya gaza a kan benci, sandar a ƙirji ko a maƙogwaro za ta sauka, kuma wanda kilo 80 ya danne wa wuya ba shi da numfashin kiran taimako.

Nijeriya ta yi suna a wannan fage. Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. A gasar masu buƙata ta musamman ta Riyo a 2016, 'yan Nijeriya sun ci zinare 6 a tura nauyi daga benci, sannan a Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta ci zinare da kilo 167. Duk wanda ya kalli irin wannan gasa zai lura cewa ko waɗannan gwanaye ba a barin su su kaɗai: akwai mutane tsaye a gefen benci, hannuwansu a shirye. Saurayin da ke motsa jiki shi kaɗai da asuba a gareji ba shi da waɗannan mutane. Sandunan tsaro su ne ke tsaya masa a madadinsu. Saboda haka duk kuɗi da kulawar da za a kashe, a kan kaurin ƙarfe da sandunan tsaro da ingancin walda ya kamata su tafi, fenti ya biyo baya.

Awo Kafin Yanka

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Awon keji daga jikin sandar ɗagawa ake ɗaukar sa. Sandar maza ta gasa tana da tsawon mita 2.2 da nauyin kilo 20, kuma tsakanin wuraren zura nauyi na dama da na hagu akwai mita 1.31. Don haka faɗin keji daga waje zuwa waje bai kamata ya wuce mita 1.2 ba, domin a samu rarar kimanin santimita 5 a kowane gefe. Idan sandarka ta gida ce, ka auna ta tukuna kafin a yanka komai.

Ga awon da muka yi amfani da shi. Tsawon ginshiƙi mita 2.2. Zurfin ciki daga ginshiƙin gaba zuwa na baya santimita 90. Ƙafafun ƙasa guda biyu, kowace mita 1.3, wato sun ɗan zarce ginshiƙai ta gaba da ta baya don kada kejin ya kife. Idan a ɗaki za a ajiye shi, a auna tsawon silin, a bar wurin kai ga mai jan jikinsa sama a sandar bisa.

Zaɓen Ƙarfe

Ƙarfen da ya dace shi ne bututu mai kusurwa huɗu, mai faɗin inci 3, wato milimita 75, da kaurin milimita 3. Ana iya amfani da mai inci 2, amma hujin da za a yi masa zai cinye rabin fuskarsa. Kaurin shi ne inda ake yawan cutar mai saye. Bututun da ake yin ƙofofi da tagogi da shi sirara ne, wani bai kai rabin wannan kauri ba, kuma daga nesa duk kamanninsu ɗaya. Hanyar ganewa biyu ce: a auna bakin bututun da ma'aunin kauri, ko a ɗora shi a sikeli. Mita ɗaya na mai inci 3 da kaurin milimita 3 yana kai kusan kilo 6 da rabi. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, to ba shi ba ne. Araha dai ba ta ado.

Jimillar abin da ake buƙata ita ce kimanin mita 15 da ɗoriya: ginshiƙai huɗu mita 8.8, ƙafafu biyu mita 2.6, mahaɗan sama na gefe guda biyu mita 1.8, mahaɗan baya na sama da ƙasa mita 2.1. Bututu uku masu tsawon mita 6 sun isa. Biyu daga ciki kowanne ya ba da ginshiƙi biyu da ƙafa ɗaya, na ukun ya ba da mahaɗai. Sai dai ka je shago da tef ɗinka, domin ba kowane bututu ne ke cika mita 6 ba. Idan an gama, kejin zai kai kusan kilo 100, wannan nauyi kuwa alheri ne, shi ke hana shi rawa.

Wasu kan nemi ƙarfe a wajen 'yan gwangwan don sauƙin kuɗi, kamar yadda ake yi a Panteka ta Kaduna. Ba laifi idan ƙarfen miƙaƙƙe ne kuma tsatsa ba ta ci cikinsa ba. Amma a guji farin bututun ruwa mai rufin zinki, domin hayaƙin da yake fitarwa a lokacin walda yana sa mai aikin zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Sandunan Tsaro

A nan nake so mai karatu ya fi nutsuwa. Sandar tsaro ta zama ƙarfe mulmulalle, cikakke marar rami a ciki, mai kaurin milimita 25, wato inci 1. Da yawa kan ce ai rodin gini mai milimita 16 ya isa, tunda bambancin bai fi milimita 9 ba. Lissafin ba haka yake ba. Juriyar sanda ga lanƙwasa tana ƙaruwa ne da kaurinta idan an ninka shi a kansa sau uku. Idan aka yi wannan lissafi, sanda mai milimita 25 ta fi mai 16 juriya kusan sau huɗu. A tazarar santimita 90, kilo 100 da aka ajiye a hankali a tsakiyar sanduna biyu na ƙarfe mai laushi masu milimita 16 ya riga ya kai su gaɓar lanƙwasa. To ina ga wanda ya faɗo daga sama? Nauyin da ya faɗo yakan buga da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Bayan haka, rodin gini yana da ƙurzunu da ke cin jikin sandar ɗagawa, kuma ingancinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Dabarar da ke ƙara ƙarfi ita ce a yanka bututu zagayayye daidai tazarar ginshiƙai, a riƙe shi a tsakani, a zura sandar ta cikinsa. A lanƙwasa kan sandar ɗaya ya zama mariƙi, ɗaya kan kuma a huda shi a sa ƙusa don kada ta zame.

Huji Da Walda

Hujin ginshiƙai shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Mun yi namu da tazarar santimita 5 daga tsawon santimita 50 zuwa 110, domin a nan ne mai kwanciya a benci ke buƙatar daidaito. Daga 120 zuwa 170 kuma tazarar santimita 10. Huji 19 ke nan a kowace fuska, 152 a jimilla. Faɗin hujin ya ɗan fi sandar da milimita 1 ko 2. A jera ginshiƙan huɗu a ƙasa, a daidaita kawunansu, a ja layi ɗaya a kansu duka, domin hujin gaba ya kalli na baya.

Wani mai walda zai ce bari ya ɓula hujin da wutar walda, ya fi sauri. Kada ka yarda. Hujin wuta ba ya zama zagayayye, bakinsa yana da kaushi, kuma ba ya zuwa daidai da ɗan'uwansa. A kai ginshiƙan wajen masu injin huda na tsaye, ko da za a ƙara kuɗi.

Wajen haɗawa, a fara ɗiga walda kaɗan kaɗan a riƙe sassan, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta giciye. Idan awon biyu ya zo ɗaya, to kejin bai karkace ba. Daga nan a bi kowace mahaɗa da walda ta zagaye duka fuskokinta. Ɗige-ɗigen da ake yi wa ƙofa a rufe da fenti bai isa a nan ba. Ka roƙi mai aikin ya kankare ɓawon waldar ka gani da idonka kafin ya shafa fenti. Walda mai kyau a jere take, ba ramuka, ba tsaga. Idan wutar lantarki ta yi rauni ko janareto ƙarami ne, waldar kan zauna ne a saman ƙarfe ba ta shige shi ba, gara a jira. A kowace kusurwa ta ƙasa a ƙara ɗan farantin ƙarfe mai kusurwa uku don ƙarin ƙarfi.

Shawarar da wani dattijon mai walda ya ba mu ta yi amfani ƙwarai. Cewa ya yi, “Yarana, ku tuna ƙofa.” Wato a yi wa gefen dama da na hagu walda kowanne daban, mahaɗan tsakiya kuma a ɗaure su da manyan noti a kan farantin ƙarfe mai kauri. Ta haka ana iya kwance kejin a shigar da shi ɗaki, ko a ɗauke shi idan za a tashi daga gida.

Gwaji Da Kulawa

Kafin kowa ya shiga, a gwada shi. Buhun siminti kilo 50 ne. A ɗora sandar ɗagawa a kan sandunan tsaro, a rataya mata buhuna har su kai ninki ɗaya da rabi na abin da mafi ƙarfin cikinku ke ɗagawa. A bar shi na ɗan lokaci, a sauke, a duba ko wani abu ya lanƙwashe ko walda ta tsage. A yi wa ƙugiyoyi ma haka. Idan daɓen kankare ne, a ɗaure ƙafafun da ƙasa.

Kullum kafin a fara, a saita sandunan tsaro da sanda marar nauyi. A benci, su kasance ƙasa kaɗan da ƙirji idan an banƙaro shi, amma sama da maƙogwaro. A tsugunno kuma, ƙasa kaɗan da inda sandar ke kaiwa idan an tsuguna sosai.

Masu amfani da nauyin siminti su sani cewa kankare bai kai sulusin nauyin ƙarfe mai girmansa ba, kuma yana guntulewa. A riƙa auna su a sikeli domin dama da hagu su zo daidai. Damina kuwa abokiyar gabar ƙarfe ce. A shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado, a toshe kawunan ginshiƙai don kada ruwa ya taru a ciki, a yi masa rumfa idan a waje yake. A shimfiɗa tsohuwar taya ko katako a ƙasa saboda ƙara, domin GRA unguwa ce mai shiru, maƙwabci kuma yana da haƙƙi. A kwashe nauyi daga kan sanda bayan an gama, saboda yaran gida.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga ma'anar kejin ɗaga nauyi, da awonsa, da irin ƙarfen da ya dace, da yadda ake huda shi a haɗa a gwada. Masu waldarmu, magadan maƙeran da, suna da basirar yin wannan aiki, matuƙar mai saye ya je musu da awo a rubuce kuma ya tsaya a kan kaurin da ya nema. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar gina jiki da su haɗa kuɗi su yi guda ɗaya mai inganci su riƙa amfani da shi tare. Ko da keji, zuwa da aboki ya fi, tunda ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wanda kuma yake da hawan jini ko ciwon baya, ya ga likita kafin ya fara. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.